Gandun Shaƙatawa na Gaɓar Kogin Seine

Gandun Shaƙatawa na Gaɓar Kogin Seine, wanda Faransawa ke kira Parc Rives de Seine, fili ne na masu tafiya a ƙafa da masu keke a tsakiyar birnin Paris. An buɗe shi a hukumance a watan Afrilun 2017, a kan titunan da a da motoci kaɗai ke bi.

A shekarar 1967 aka buɗe babban titin Georges Pompidou a gaɓar dama ta kogin, lokacin da ake ganin mota ce alamar ci gaba. Titin ya raba mutanen birni da ruwansu na tsawon shekaru. Sauyi ya zo ne sannu a hankali. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gaɓar kogin cikin wuraren tarihi na duniya, daga 1995 aka fara rufe titin ranakun Lahadi, sai kuma a 2002 magajin gari Bertrand Delanoë ya fara shirin Paris Plages, inda aka riƙa zuba yashi ana jera kujeru a kan kwalta duk lokacin zafi. Wannan gwaji shi ne ya nuna cewa jama'a za su sauko bakin ruwa idan aka ba su wuri.

A 2013 aka mayar da kilomita 2.3 na gaɓar hagu wurin yawo, tsakanin gidan tarihi na Orsay da gadar Alma. A watan Satumban 2016, ƙarƙashin magajiyar gari ta lokacin, Anne Hidalgo, majalisar birnin ta amince a rufe kilomita 3.3 na gaɓar dama.

Abin da ya fi jan hankali a tsarin shi ne yadda aka yi la'akari da ambaliya. Kogin kan cika ya shanye gaɓar, kamar yadda ya yi a 2016 da 2018, don haka yawancin kujeru da rumfuna da kayan wasan yara an yi su ne yadda za a iya kwashe su cikin gaggawa. An bar kwaltar titin a wurinta, abin da ya rage kuɗin aiki ƙwarai. Ramin da motoci ke bi kusa da lambun Tuileries yanzu 'yan keke ne ke ratsa shi.

Rufe gaɓar dama ya jawo cece-kuce. Shugabar yankin Île-de-France da Paris ke cikinsa, Valérie Pécresse, da magadan garuruwan kewaye sun ce an tura cunkoso ne kawai kan mazauna bayan gari da ke shigowa aiki, kuma ƙorafin yana da tushe, domin titunan da ke sama da gaɓar sun ƙara cika. A watan Fabrairun 2018 kotu ta soke matakin saboda kurakurai a binciken tasirinsa. Hidalgo ta fitar da sabon umarni a watan Maris, wannan karon da hujjar kare wurin tarihi, kotu kuma ta tabbatar da shi a watan Oktoban shekarar.