Saɓa kwangilar samar da ma'adinai da rushewarta

Kwangilar samar da ma'adinai yarjejeniya ce tsakanin mai haƙa ko dillali da mai saye, galibi masana'antar narkar da ƙarfe, cewa za a riƙa kai masa tama, kuza ko ɗanyen tagulla kashi-kashi, sau da yawa na tsawon shekaru. Idan kaya ba su iso ba, kotu kan fara tantance ko wani ne ya saɓa alkawari, ko kuwa wani lamari ne ya rushe kwangilar ba da laifin kowa ba. A na farko akwai diyya. A na biyu kowa ya kama gabansa.

Saɓawa

Yawancin rigima a kan inganci take. Kwangilar tama kan fayyace yawan ƙarfen da ke ciki (kashi 62 cikin ɗari ne ma'aunin da kasuwa ta daɗe tana ɗora farashi a kai), da iyakar silika, alumina da fosfaras, sai kuma laima, domin da busasshen tan ake lissafin kuɗi. Ana ɗibar samfur a tashar lodi da tashar saukewa, in sakamakon ya sha bamban sai ɗakin gwaji na uku ya raba gardama. Giɓi kaɗan ragin farashi kawai yake jawowa. Sai inganci ya faɗo ƙasa da iyakar da aka rubuta mai saye ke da ikon ƙin karɓa.

Lodi ɗaya da ya ɓaci bai cika kashe doguwar kwangila ba. Kotunan Ingila, waɗanda dokarsu ake yawan zaɓa a irin wannan ciniki, suna duba girman lodin idan an gwada shi da jimillar kayan, da yiwuwar a sake maimaitawa. Diyyar rashin kawo kaya kuwa ita ce ratar da ke tsakanin farashin kwangila da na kasuwa a ranar da ya kamata a kawo su.

Rushewa

Ƙofar nan ƙunci gare ta. Dole lamarin ya auku bayan an sa hannu, ba da hannun mai neman uzuri ba, kuma ya mai da aikin wani abu dabam da wanda aka yi alkawari. Tsada ba uzuri ba ce. Da aka rufe mashigin Suwez a 1956, masu kai gyaɗar Sudan zuwa Hambug sun ce kwangila ta rushe, amma kotu ta ce hanyar zagayawa ta kudancin Afirka tana nan, ko da ta fi kuɗi. Haka nan idan mahaƙa ɗaya ta tsaya, alhali ba a ɗaure kwangilar da ita ba, sai mai sayarwa ya nemo kaya a wani wuri.

Yaƙi da haramcin doka dabam suke. Kamfanin Rio Tinto na Ingila ya ƙulla kwangilolin kai wa kamfanonin Jamus ma'adinin tagulla daga mahaƙansa na Sifen, da sharaɗin dakatarwa idan yaƙi ya ɓarke. A 1918 aka yanke cewa yaƙin 1914 ya rushe su ɗungurungum, domin ciniki da abokin gaba haramun ne, sharaɗin bai cece su ba.

Ƙuncin ƙofar rushewa ne ya sa 'yan kasuwa ke rubuta sashen uzuri a kwangila, su jero ambaliya, yajin aiki da hana fitar da kaya, irin wanda Indonesiya ta yi wa ɗanyen nikel a 2014. Amma lafazinsa ake bi. Bayan fashewar madatsar Fundão ta wata mahaƙar tama a Brazil ranar 5 ga Nuwamba 2015, kamfanin Limbungan na Malesiya ya fake da irin wannan sashe kan tamar da bai loda wa jiragen Classic Maritime ba. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce sai ya biya diyya, tunda ko madatsar ba ta fashe ba, da ma ba zai loda ba.

Idan rushewa ta tabbata, wata dokar Ingila ta 1943 ta ba da damar karɓo kuɗin da aka biya tun farko, kotu kuma na iya bar wa ɗaya ɓangaren abin da ya riga ya kashe.