Theth

Theth ƙauye ne a arewacin ƙasar Albaniya, cikin lardin Shkodër, a tsakiyar tsaunukan da mutanen ƙasar ke kira Bjeshkët e Nemuna, wato “la'anannun duwatsu”. Yana kwance a cikin wani kwari mai zurfi, a tsayin da ya kai mita 750 zuwa sama daga bakin teku, duwatsu sun yi masa ƙawanya. Cikinsu akwai Maja e Arapit mai tsayin mita 2,217, can arewa maso gabas kuma ga Jezerca mai mita 2,694, wanda ya fi kowane tsayi a jerin tsaunukan. Mazauna ƙauyen 'yan ƙabilar Shala ne, Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika. Tarihin bakinsu ya nuna kakanninsu sun hauro nan ne a zamanin mulkin Turkawa don su tsira da addininsu.

Hunturu da hanya

Daga birnin Shkodër zuwa Theth tafiyar kusan kilomita 70 ce. Ana bi ta Koplik da Boga, sannan a hau mashigin Qafa e Thorës, wanda tsayinsa ya kusa mita 1,700, kafin a gangara kwarin ta wasu kwanoni masu tsinka zuciya. Sai a shekarar 2021 aka kammala shimfiɗa kwalta har cikin ƙauyen. Kafin nan ba kowace mota ce ke iya shiga ba, ko da rani.

Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Turai, domin iskar da ke tasowa daga tekun Adriyatik da danshinta tana cin karo da duwatsun ne ta juye abin da ta ɗauko. Da hunturu, dusar ƙanƙara ce ke sauka a madadin ruwa. Takan toshe mashigin, a da kuwa ƙauyen kan yi watanni babu shiga babu fita. Kwalta ta rage wannan wahala amma ba ta kawar da ita ba: har yanzu hanyar takan rufe bayan saukar dusa mai yawa, ga kuma haɗarin zaftarewarta daga kan gangara. Akwai wata tsohuwar hanya ta kudu da ke bi ta kwarin Kir, sai dai ta fi tsawo da gargada. Hanyar ƙafa da ta shahara wajen masu yawon buɗe ido, wadda ke tsallaka mashigin Valbona zuwa kwarin da ke maƙwabtaka, ta rani ce. Da sanyi ba a binta sai da ƙwarewa da kayan hawan dutse.

Gidaje da zaman sanyi

Ginin ƙauyen kansa hunturu ne ya tsara shi. Bangon dutse ne mai kauri, tagogi ƙanana, rufi kuma na faifan katako, an tayar da shi tsaye sosai don dusa ta riƙa zamewa kafin nauyinta ya karya jinka. A tsoffin gidaje dabbobi na kwana a ƙasa, mutane a sama, ɗumin garken yana hawowa ta cikin daɓen katako. Tun kaka ake shiri: a faskara itace a jera a jikin bango, a tara ciyawa a ɗaure ta kewaye da doguwar sanda a bayan gida, a ajiye cuku, wake, dankali da garin masara. Burodin masara shi ne abincin yau da kullum na mutanen tsaunukan nan tun da daɗewa. Baƙo kuwa da ya shigo za a zaunar da shi kusa da murhu, a kawo masa gahawa ko shayin ganyen dutse, ko raki, barasar da ake dafawa a gida da 'ya'yan itace.

Mutane kaɗan ne ke yin hunturu a Theth yanzu. Bayan rushewar mulkin kwaminisanci a farkon shekarun 1990 jama'a sun yi ta ƙaura zuwa Shkodër da ƙasashen waje. Yawon buɗe ido ya dawo da wasu, suka mayar da gidajen kakanni masaukin baƙi, amma akasarinsu da zarar sanyi ya kama sai su kulle su koma birni. Don haka mai zuwa a watan Janairu sai ya tabbatar tun daga Shkodër cewa hanya a buɗe take, kuma akwai gidan da zai karɓe shi. Wutar lantarki ma takan ɗauke idan dusa ta kayar da wayoyi.

Kanun da hasumiyar ɓuya

Nisan hukuma ya sa mutanen tsaunukan suka rayu ƙarnoni bisa dokar gargajiya da ake kira Kanun, wadda ake dangantawa da Lekë Dukagjini, wani basarake na ƙarni na 15. Da baki aka riƙa gadonta, har wani limamin Katolika mai suna Shtjefën Gjeçovi ya tattara ta, aka buga ta littafi a 1933, bayan rasuwarsa. Dokar ta shafi aure, gado, iyakar gona da rabon ruwa. Ta ɗaukaka baƙo matuƙa, har ta ce gidan mutumin Albaniya na Allah ne da na baƙo. Ta kuma ɗaukaka besa, alkawarin da ba a karyawa ko da za a rasa rai.

Ɓangaren da ya fi yin suna a waje shi ne ɗaukar fansar jini, ko da yake ƙaramin yanki ne na dokar. Idan aka kashe mutum, mazan gidan wanda ya yi kisan sun shiga bashin jini, amma ba a taɓa mata, ba a kuma kashe mutum a cikin gidansa. Daga nan aka samu hasumiyar ɓuya ta Theth, Kulla e Ngujimit: ginin dutse mai hawa, babu taga sai 'yan tsagogi da bakin bindiga kawai zai iya leƙawa. A ciki maza kan fake yayin da dattawa ke kai-kawon sulhu, aikin gona kuma ya koma kan mata. Tana cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar, yanzu kuma wurin ziyara ce.

Kusa da ita akwai cocin ƙauyen, wanda aka gina a 1892. An daina ibada a cikinsa lokacin da gwamnatin kwaminisanci ta Enver Hoxha ta haramta addini baki ɗaya a 1967, sai bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci aka koma. Baturiyar Ingila Edith Durham ta ziyarci Theth a 1908, ta kuma ba da labarinsa a littafinta High Albania na 1909.

An ayyana kwarin a matsayin gandun ƙasa a 1966, mai faɗin hekta 2,630, sannan a 2022 aka haɗe shi da na Valbona cikin babban gandun tsaunukan Albaniya. Dazukan suna da beyar, kyarkeci da awakin dutse.