Kafin a kai injin ban ruwa fadama, a duba hanyar mai

Manoman rani na Kadawa, Kura, Bunkure har zuwa Auyo, ga lokacin fito da inji ya yi. Yawancin injin da ya kwana a ɗaki tun farkon damina ba lalacewa ya yi ba, hanyar mai ce ta toshe. Fetur ɗin da aka bari a kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, yakan bushe ya bar danƙo kamar ƙaro, shi kuma ramin jet, ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa a kafireta, bai fi bakin allura ba.

Alamar a fili take: sai an ja cok, abin da ke rage iskar da ke shiga, injin ke tashi, da an mayar ya mutu, ko ka ji ƙararsa na hawa tana sauka. Baƙin hayaƙi kuwa wata magana ce daban, yawanci soson iska ne ƙurar hunturu ta cika, injin na shan mai fiye da kima.

A bari injin ya huce, a fito da shi fili, nesa da murhu da mai shan taba. Rufe famfon mai, ka zare hular fulogi. A juye tsohon man tanki a kwalba mai haske a ajiye ta minti 10. In da ruwa za ka ga ya kwanta a ƙasa, don ya fi fetur nauyi, kuma shi ke kawo tsatsa a tanki. Sai ka sa sifana mai lamba 10 ka kwance notin kwanon da ke ƙarƙashin kafireta. Ka lura da robar bakinsa, in ta tsage mai zai riƙa ɗiga. Wanke kwanon da sabon fetur, ka ciro jet da sukundireban da ya yi daidai, don tagulla ce, ba ta jure gurza. Fesa masa maganin wanke kafireta, ka hura da famfon keke, ka ɗaga shi sama. Sai ka hango haske ta ramin tukuna ya wanku.

Don Allah a daina zura allura ko waya a ciki. Injin zai tashi kam, amma ramin ya faɗaɗa, daga ranar shan mai ya ƙaru, ga yadda lita ta koma tun cire tallafi a 2023. Haka zuƙar fetur da baki ta tiyo: in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, sai asibiti.

Man jarka na 'yan bumburutu, in ya zama dole, a tace shi da mazurari mai raga. Waɗanda suka mayar da injinsu na gas su ma su tsiyaye kwanon, don ragowar fetur na nan yana daskarewa. Duk injin da za a ajiye fiye da wata guda, a rufe famfon mai a bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, sannan a kwance ɗan notin gefen kwanon a zubar da abin da ya saura.