Dim Sum

Dim sum suna ne na tarin ƙananan abinci da mutanen lardin Guangdong da Hong Kong, a kudancin ƙasar Sin, suke ci tare da shayi, daga safiya zuwa bayan azahar. Ma'anar kalmar a harshen Kanton, wato yaren mutanen yankin, ita ce "taɓa zuciya". Shi kuwa zuwa gidan abincin don a ci shi, "yum cha" ake ce masa, wato shan shayi, kuma har yau shayin ne jigon zaman. Al'adar ta bunƙasa a gidajen shayin birnin Guangzhou a ƙarni na 19, inda leburori da 'yan kasuwa kan tsaya su sha kofi ɗaya su ci abu biyu. Daga can ta yaɗu zuwa Hong Kong, inda gidan Luk Yu, wanda aka buɗe a 1933, yake aiki har yanzu.

Da an zauna, abin da ma'aikaci zai fara tambaya shi ne irin shayin da ake so. An fi zaɓar bo lei, baƙin shayi da aka bari ya tsufa, domin yana yanke maiƙo. Ana lissafa kuɗin shayi bisa kowane kai. A gidaje da yawa ana ɗauraye kofi da kwano da tsinken cin abinci da ruwan shayin farko, a zubar a wata roba da aka ajiye a tebur. Ba a fara cika wa kai kofi, sai an zuba wa na kusa. Wanda aka zuba wa yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a matsayin godiya, ba sai ya katse hira ba. In ruwa ya ƙare, a ɗaga murfin butar a bar shi a karkace, ma'aikaci zai gani ya ƙaro.

A tsofaffin gidaje ana zagayawa da abincin a kan keken turawa, a cikin ƙananan kwandunan gora da aka jera a kan tururi, kowane kwando da guda uku ko huɗu. Duk wanda aka ɗauka sai a buga hatimi a katin tebur, a gurbin ƙarami, matsakaici, babba ko na musamman, a ƙarshe a haɗa kuɗin. Yawancin sababbin gidaje sun koma takardar da ake yi wa alama da biro. Keken ya fi armashi, amma takarda ta fi tabbatar da abinci mai zafi, domin kwandon da ya yi zagaye uku a zaure ya riga ya saki.

Da wani nau'i da ake kira har gow ake auna gwanintar mai dafawa. Jatan lande ne a naɗe cikin fata mai sheƙi da ake hango jan naman ta cikinta. Ana yin fatar da sitacin alkama kamar kashi uku da sitacin rogo kashi ɗaya, a kwaɓa da ruwan da yake tafasa a lokacin. In ruwan ya huce ko kaɗan, sitacin ba zai nuna ba, kwaɓin ya riƙa tsagewa a hannu. Ana murje kowane curi da gefen babbar wuƙa da aka shafa wa mai, a yi masa ninki aƙalla bakwai, gwanaye kan wuce goma. Minti 6 zuwa 7 a tururi mai ƙarfi ya isa. In ya zarce, fatar ta yi danƙo ta manne wa kwando, a ɗaga da tsinke ta yage.

Sauran sanannu su ne siu mai, ƙunshin niƙaƙƙen nama a cikin fatar fulawa mai buɗaɗɗen kai, da char siu bao, turararren burodi da nama mai zaƙi a ciki, da cheung fun, ƙullun shinkafa da aka turara fale-fale aka naɗe. Ƙafar kaza kuwa sai an soya ta, an jiƙa a ruwan sanyi har fatar ta kumbura, sannan a turara da baƙin wake mai gishiri. Ana rufewa da dan tat, ƙaramin kek mai ƙwai.

Musulmi, musamman fataken da ke zuwa sarin kaya a Guangzhou, ya kamata su sani cewa alade ya ratsa wannan abinci fiye da yadda ido ke gani. Siu mai da char siu bao naman alade ne kai tsaye. Shi ma har gow sau da yawa ana sa masa kitsen alade don ya yi laushi, haka kuma ɓawon dan tat, kuma shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganye takan zo da tsiran alade ko da sunanta na kaza ne. Cewa "ban da alade" ba ya wadatarwa. Abin nema shi ne alamar 清真, wato halal. A Hong Kong akwai ɗakin cin abinci a hawa na biyar na Masallacin Ammar da ke Wan Chai, inda ake yin siu mai da sauransu da kaza da naman sa.