Clarence Darrow: Lauyan da ke ɗaukar shari'ar da kowa ke gudu

Wane ne Darrow?

Ba'amurke ne, an haife shi a jihar Ohio a 1857, ya rasu a Chicago a 1938. Ya taɓa zama lauyan wani kamfanin jirgin ƙasa. Da ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki a 1894, sai ya ajiye aikinsa ya koma kare jagoransu, Eugene Debs.

Wace shari'a ce ta fi jawo masa zagi?

Ta Leopold da Loeb, a 1924. 'Ya'yan attajirai ne, ɗaya ɗan shekara 19, ɗaya 18. Suka sace wani yaro ɗan shekara 14, Bobby Franks, suka kashe shi, don kawai su nuna za su iya yin laifin da ba mai ganowa. Tabarau ɗin Leopold da ya faɗi kusa da gawar ne ya tona musu asiri. Gari ya ɗauka sai a rataye su.

Sai Darrow ya sa suka amsa laifinsu. Da haka maganar ta fita daga hannun mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci, ta koma kan alƙali shi kaɗai, wanda in ya ce a kashe, alhakin rai biyu na wuyansa. Darrow ya kwashe kusan awa 12 yana jawabi. Aka yi musu ɗaurin rai-da-rai da ƙarin shekara 99.

To, ba kare mugunta ba ne wannan?

Ai bai ce ba su yi ba. Hukuncin kisa ne ya ƙi jini, ko a kan wa. Wanda kuma ke ganin masu kuɗi kawai yake tsaya wa, ya duba Dokta Ossian Sweet, likita baƙar fata da ya sayi gida a unguwar fararen fata a Detroit a 1925. Aka yi wa gidan ƙawanya ana jifa, aka yi harbi daga ciki, wani Bature ya mutu. Mutum 11 da ke cikin gidan aka gurfanar. A gaban masu taya alƙali, dukkansu fararen fata, Darrow ya sa aka wanke ƙanen likitan, Henry, daga laifi a 1926, sauran ma aka janye tuhumarsu.

Ya taɓa faɗuwa?

Ya faɗi. A 1925 an ci wanda yake karewa, malamin makaranta John Scopes, tarar dala 100 a Tennessee kan koyar da ra'ayin masanin kimiyya Darwin na cewa ɗan Adam ya samo asali ne daga wasu halittu, abin da dokar jihar ta hana.

Shi kansa fa, ba shi da tabo?

Yana da shi. A 1912 an gurfanar da shi a Los Angeles kan zargin ba masu taya alƙali cin hanci. Aka wanke shi a shari'ar farko, ta biyu ta watse ba hukunci. Abin da ya fi yi mini ɗaci shi ne na 1932. Bayan arzikinsa ya karye, ya tafi Hawaii ya kare fararen fata huɗu da suka kashe ɗan asalin tsibirin, Joseph Kahahawai. An same su da laifi, amma gwamna ya mayar da ɗaurin shekara 10 ya zama awa ɗaya.