Na'urar tace ruwa a gida: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wace na'ura ce ta fi kyau?

Babu. Ya danganta da abin da ke cikin ruwanka. A kai shi ɗakin gwaji tukuna, a duba ƙwayoyin cuta, gishiri, sinadarin ƙarfe, naitiret (sinadarin da kan shiga ruwa daga masai ko taki) da sinadarin fulorayid.

Ruwanmu garai-garai yake, sai an gwada?

Sai an gwada. Ƙwayar taifot da ta kwalara ba sa canza launin ruwa. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan fulorayid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa, kuma ido bai ga komai a cikinsa ba.

Mai sayarwa ya tsoma wani ɗan awo a kofina, ya ce ruwan ba ya shayuwa.

Wannan awon TDS ne, yawan gishirin da ya narke kawai yake nunawa. Bai san ƙwayar cuta ba sam. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda da miligiram 500 a lita. Idan naka 200 ne, kada wani ya tsorata ka.

Burtsatse gare ni, tanki a sama, wuta ba tabbas. Ruwan yana yin ja idan ya kwana, kuma da ɗan zartsi. In sa RO, wato na'urar da ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata don cire abin da ya narke a ciki?

Wataƙila, amma ba da ita za ka fara ba. Matsala biyu ka haɗa. Jan nan galibi ƙarfe ne da ya narke a ƙarƙashin ƙasa, yana shan iska sai ya koma tsatsa. Wani lokaci kuma tsohon bututun ƙarfe ne ke ruɓewa, don haka a tari ruwa daga bakin burtsatsen a kwatanta da na famfon kicin. In ƙarfen ƙasa ne, ya wuce miligiram 0.3 a lita, to a bar ruwan ya zubo cikin tanki ta sama yana watsuwa, ya kwanta, sannan ya bi ta tukunyar yashi, sai filta mai maikiron 20 (ma'aunin girman kafofin filta), sai mai 5. Ka tsallake wannan, fatar RO za ta toshe tun ba a je ko'ina ba, ka dawo kana cewa an sayar maka da jabu.

Zartsin kuwa, filtar gawayi ba ta cire shi, tafasawa ma ƙara shi take. Nan ne RO ke da amfani, ita ce kuma ke rage naitiret da fulorayid. Sai dai tana son matsin ruwa kusan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), tankin da ke mita 5 a sama kuwa rabin bar kawai yake bayarwa. Dole ƙaramin famfon ƙara matsi, shi kuma dole wuta ko sola. Ƙananan na gida sukan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba ka lita ɗaya mai kyau. A tara wannan don wanke tsakar gida. Saboda haka a kicin kaɗai za a sa ta, don sha da girki. Idan kuma gwaji ya nuna zartsin kaɗan ne, naitiret bai kai miligiram 50 a lita ba, fulorayid bai wuce 1.5 ba, mai yiwuwa ba ka buƙatarta. In akwai jariri a gidan, lambar naitiret ɗin nan ba abin wasa ba ce, musamman in sokawe ko masai bai kai nisan mita 30 da rijiyar ba.

Gawayi yana kashe ƙwayoyin cuta?

A'a. Wari da ɗanɗanon kulorin yake cirewa. In ya tsufa ma ƙwayoyin a cikinsa suke hayayyafa.

Daga 'yan garuwa nake saye, ba ni da kuɗin na'ura.

Kwantar da hankalinka. A sa alif laka ta kwanta, a tsiyaye, a zuba a bokiti mai kyandir ɗin yumɓu, wato matatar yumɓu mai siffar kyandir. Sannan a tafasa, ko a sa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalba a jira minti 30. Don Allah a daina tsoma moɗa da hannu cikin ruwan da aka riga aka tace. A samu mazubi mai murfi da famfo.

Fitilar UV, mai kashe ƙwayoyin cuta da haskenta, fa?

Tana aiki in ruwan ba shi da gurɓi kuma akwai wuta. Ana canza ƙwan duk shekara, ko da yana haske.

Yaushe ake canza filta?

Na laka wata 3 zuwa 6, na gawayi wata 6 zuwa shekara, fatar RO shekara 2 zuwa 3. Ruwa ya rage gudu, a canza ko lokaci bai yi ba. Kafin ka biya kuɗin kowace na'ura, tambayi inda ake sayar da kayan canjinta a garinku. Mai inci 10 ta fi sauƙin samu.