Lambar fenti: abin da mai kanti ke nufi idan ya tambaye ka

Duk direban da ya saba bin bayan tifofin da ke kwaso tsakuwa daga Mpape ya san yadda goshin mota ke komawa: ɗigo-ɗigo inda fenti ya ɓantare, wani kamar ƙwayar gero, wani ya kai ƙwayar wake. Irin wannan bai kai a fesa mota gaba ɗaya ba. Akwai 'yan kwalabe da alƙaluman fenti da mutum zai cike gurbin da kansa. Amma ko a Apo ka je nema, ko ta intanet ka yi oda, abin da za a fara tambayarka shi ne lambar fentin motar.

Lambar fenti wasu 'yan haruffa ne da alƙaluma da kamfani ke bai wa kowace kala da ya fesa, da su ake gane haɗin da ya ba da wannan kalar. Don haka cewa “motata fara ce” bai wadatar ba. A Toyota kaɗai akwai 040, fari zalla, akwai kuma 070, fari mai sheƙin lu'ulu'u, wanda sai an shafa fari a ƙasa sannan a ɗora mai sheƙin a kansa. Baƙi 202 ne, 1F7 kuma ruwan azurfa. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa, inda aka rubuta C/TR: a lambobin da ke biye da shi, ukun farko su ne na fenti, na bayansu na kalar cikin mota ne. Na Honda ya fi tsawo, irin su NH-731P. A Volkswagen galibi cikin but take, kusa da safaya taya. Kada a rikita ta da lambar shasi, ita waccan haruffa da alƙaluma 17 ce.

Sai dai lambar tana faɗin kalar da mota ta fito da ita ne daga masana'anta. Da yawa cikin motocin Beljiyam an sake musu fenti kafin su iso hannun mai su, ranar Abuja kuma tana koɗar da kala, musamman ja. Shi ya sa nake ganin ya fi a fara gwadawa a wani lungu da ido bai kai ba. In bai dace ba, a cire murfin tanki na waje, mai kalar motar, a kai wa mai haɗa fenti ya kwatanta da idonsa.

Kuma kada mutum ya sa rai tabon zai ɓace ɗungurungum, wanda ya matso kusa zai gan shi. Babban amfanin aikin shi ne rufe ƙarfe. Fentin mota hawa-hawa ne: firama a ƙasa, kala a tsakiya, sai kiliya mai ƙyalli a sama. Idan ɓantaren ya kai ga ƙarfe aka bar shi ya sha ruwan damina, tsatsa za ta riƙa ci ta ƙarƙashi har fentin gefe ya kumbura. Abin takaici ne a ga mota mai lafiya ta kai ga fanel bita saboda tabon da kwalba ɗaya za ta rufe.

Aikin kansa haƙuri yake so. A wanke wurin, ya bushe, a goge da sifirit. In akwai tsatsa a kankare ta da sanfefa mai laushi, cikin ramin kawai, a ɗiga firama. A girgiza kwalbar sosai. Burushin da ke jikin murfi yakan yi wa ƙaramin tabo girma, tsinken sakace ya fi: a ɗiga kaɗan, a jira kamar minti 30, a ƙara, har ramin ya kusa cika, sannan kiliya. A yi a inuwa, ba kan bonet mai zafi ba, ba kuma ranar da ƙurar hunturu ke tashi ba. Folish sai bayan kwanaki, yadda takardar kwalbar ta ce.

In wurin ya lotsa, ko tsatsa ta huda ƙarfen, wannan ya wuce kwalba, sai mai fesawa.